Zangon Ido: Yadda Muke Karatu Da Harshen Gida Da Harshen Aro

Wata 'yar ƙanwata mai shirin WAEC tana zuwa gidana a Tudun Wada, nan Gombe, duk ranar Asabar mu duba Turanci. Ranar nan na miƙa mata wani sakin layi, maimakon in bi takardar sai na zauna ina kallon ta. Yatsa a ƙarƙashin layi, leɓe yana motsi. Ta kai tsakiyar jimla ta tsaya, ta koma farko, ta sake tahowa. Da ta kai aya na ce ta kife littafin ta gaya mini abin da aka ce. Ta yi shiru, can ta ce, "Kawu, wallahi duk kalmomin na san su, amma kafin in kai ƙarshe sai na farkon su gudu."

Ban taɓa jin wanda ya faɗi ciwon mai karatu da harshe na biyu a taƙaice kamar haka ba. Yarinyar tana da kai. Ka ba ta labari da baki, komai sarƙaƙiyarsa, za ta maido maka shi har da gyara. To me ke sa kalmomin farko su gudu?

Mu fara da idon kansa. Kowa yana jin kamar idonsa yana bin layi ne sumul, kamar ruwa a lambatu. Tun ƙarshen shekarun 1870 wani likitan ido a Faransa, Émile Javal, ya ba da labarin cewa ba haka abin yake ba. Tafiyar fatake ido yake yi: ya yi zango, ya tashi, ya yi wani zangon. A zangon kaɗai ake karatu, shi ma bai fi rubu'in sakan ba. Lokacin tsallen ba a ɗaukar komai. Gwanin karatun Turanci yakan tsallake haruffa 7 zuwa 9 a tsalle ɗaya, kuma wajen sulusin kalmomin shafi idonsa ba ya ma sauka a kansu, yawanci ƙananan nan masu haɗa magana. Cikin tsalle 100, wajen 10 zuwa 15 baya ake komawa, a duba abin da aka wuce.

A 1975 George McConkie da Keith Rayner a Amurka suka haɗa na'urar bin ido da kwamfuta, ta yadda duk inda idon mai karatu ya sauka, 'yar taga ce kawai ta haruffan gaske za ta buɗe masa, sauran layin a dagule. Suka riƙa rage tagar suna faɗaɗa ta har suka gano iyakar abin da ake amfana da shi a zango guda: haruffa 3 ko 4 ta hagu, 14 ko 15 ta dama. Wato ido yana leƙen kalmar gaba tun bai isa gare ta ba. Da aka gwada masu karanta Ibrananci, wanda ake rubutawa daga dama, sai aka ga tagar ta juya ta fi faɗi ta hagu, in kuma mutumin nan ya koma Turanci sai ta sake juyowa. An ga irin haka ga masu karanta Larabci. Duk wanda ya yi allo da safe ya yi boko da hantsi, ɗabi'u biyu ya koya wa idonsa bai sani ba. Ba a haihuwar kowa da wannan taga. Yawan karatu ke sassaƙa ta, kuma idan rubutu ya yi wa mutum wuya sai ta tsuke.

A cikin wannan rubu'in sakan ne ake gane kalma, a ɗauko ma'anarta, a nemo mata gurbi a jimla. Ga wanda ya ƙware, abin ya fi ƙarfin nufinsa. John Ridley Stroop ya nuna haka tun 1935: rubuta sunan wani launi da tawada mai wani launin dabam, misali "ja" da koren alli, ka ce wa mutum ya faɗi launin allin. Zai yi jinkiri ko ya yi tuntuɓe, don kalmar ta riga ta karanta kanta. A 1980 kuma Marta Kutas da Steven Hillyard suka manna wayoyi a kan mutane suna auna lantarkin ƙwaƙwalwa, suna ba su jimloli irin wadda ke cewa wani ya shafa wa burodinsa safar ƙafa. Ƙasa da rabin sakan bayan ganin kalmar da ba ta dace ba, ƙwaƙwalwa takan yi wata zabura da suka sa wa suna N400. Abin da wannan ya nuna shi ne mai karatu ba ya jiran aya. Yana gina ma'ana tun daga kalmar farko, yana cankar abin da zai biyo baya.

Mu masu karanta Hausar boko, canka ita ce rabin aikinmu, domin rubutunmu ba ya nuna karin sauti, ba ya nuna tsawon wasali. Ɗauki "kuka". Akwai na hawaye, akwai ta miya, akwai kuma na "da kuka zo". A baki ba sa kama da juna: na farko murya a sama take har ƙarshe, na biyu ta sauka a gaɓar ƙarshe, na uku gajere ne. A takarda kuwa haruffa huɗu ne iri ɗaya. Ko ka karanta wannan: "An raba gari a unguwarmu jiya, kowane gida mudu biyu." Idan ka fara da tunanin rigimar siyasa ce ta raba kan jama'a, sai da ka isa "mudu" ka gane na tuwo ake nufi, kuma ina kyautata zaton idonka ya ɗan waiwaya. Wannan waiwayen shi ne komawa bayan da na'ura take ƙirgawa. A ajami ba za a yi wannan ruɗanin ba, don alifi zai ja wasalin garin tuwo ya bar na birni a gajarce. Sannan wayar hannu ta zo ta ƙara mana aiki, ta cinye lanƙwasar ƙ da ɗ da ɓ. "Baki" a WhatsApp yana iya zama na cin abinci, ko launi, ko mutanen da suka sauka a gidanka. Duk da haka ba ma cika tsayawa ba, saboda kunne ya tara shekaru yana jin Hausa, shi yake raɗa wa ido abin da takarda ta ɓoye. Wanda ya koyi Hausa da girma ba shi da mai yi masa wannan raɗar.

A nan ne ma kalmar "harshen uwa" take fara zamewa a hannu, musamman a jiha irin tamu. A Billiri da Kaltungo yaro yana buɗe baki da Tangale, a Deba da Tera, a Talasse da Waja, a Dukku da Fulfulde, Hausa kuma ya tsince ta a layi da kasuwa. Mu da muka tashi da Hausar ma, tamu ta Gombe da Bauchi ba ta cika kula da jinsi ba. "Motan ya lalace" muke cewa, ba wanda zai ɗaga kai. Fulfulde kuwa kalma ɗaya take da ita, "o", ga namiji da mace. To duba: Bakano in ya ga "Kuka ta yi yawa", wannan 'yar "ta" ta riga ta gaya masa miya ake magana. In ya ga "ya", ya san gidan makoki ne ko yaro ke rigima. "Wuyansa" da "wuyarsa" haka suke: ɗaya gaɓar jiki, ɗaya wahala. Mu da kunnenmu bai saba auna "ya" da "ta" ba, a ganina sai mun ƙara kalma biyu ko uku gaba kafin mu warware abin da shi ya warware nan take. Ma'ana ɗaya za mu fito da ita, amma hanyarmu ta fi zagaye.

An auna wannan zagaye da lissafi a wani wuri. A jami'ar Ghent ta Beljiyam, Uschi Cop da abokan aikinta sun sa ɗalibai masu harshen Dach, wato na Holan da arewacin Beljiyam, sun karanta littafin labari sukutum a gaban na'urar bin ido, rabi da harshensu, rabi da Turanci. Sakamakon da suka fitar a 2015 ya nuna cewa da Turancin lokacin karanta jimla ya ƙaru da kashi 20 cikin 100, zanguna sun ƙaru da kashi 21, tsallen ya gajarce da kashi 12, kuma kalmomin da ake tsallakewa sun ragu. Mutum ɗaya, labari ɗaya, amma idon ya koma tafiya irin ta yaro. Ku tuna waɗannan 'yan jami'a ne da suka daɗe suna Turanci, harshensu kuma ɗan'uwan Turanci ne na jini, kalmomi da yawa kusan iri ɗaya. Da su abin ya kai haka, ina ga 'yar ƙanwata?

Wannan 'yan'uwantakar tana da tasiri, domin mai harshe biyu ba ya iya kulle ɗaya a ɗaki ya fita da ɗaya. Ton Dijkstra da Walter van Heuven a Holan sun gina bayaninsu a kan haka: da zarar haruffa sun shiga ido, kalmomin duk harsunan da mutum ya sani masu kama da su sukan farka tare, a yi 'yar takara, ɗaya ta ci. Idan kalmar ta yi kama a harsunan biyu kuma ma'anarta ɗaya, sai karatu ya ƙara sauri. Idan kama ce kawai ba ma'ana, sai ta kawo cikas. Mu kuma da irin na biyun aka cika mana kwano. Bahaushe ya ga "wake" a jimlar Turanci, na alale ne zai fara ɗaga hannu. Haka "rake", haka "dare", haka "sake" da "take" da "same" da "mace". Har "sun", da "can" da "in" waɗanda da wuya ka ga shafin Turanci babu su. A 2007 Guillaume Thierry da Yan Jing Wu sun nuna, ta hanyar lantarkin ƙwaƙwalwa, cewa 'yan Sin masu karanta kalmomin Turanci harshensu na gida yana motsi a ƙasa ba tare da sun sani ba. Saboda haka malamin da ke daka wa ɗalibi tsawa ya daina tunani da Hausa, ya umarce shi ne da abin da shi kansa malamin ba ya iyawa. Abin da ake iyawa shi ne kalmar Turancin ta yi ƙarfi, saboda yawan haɗuwa da ita, har ta riƙa cin takarar da wuri.

Yawan kalmomin da ake bukata ma ba wasa ba ne. Binciken Paul Nation da abokansa ya nuna sai mai karatu ya san wajen kashi 98 cikin 100 na kalmomin rubutu kafin ya fahimce shi ba da taimako ba, kuma kaiwa nan a littattafan Turanci na yau da kullum yana neman tushen kalmomi 8,000 zuwa 9,000. Wanda ya san kashi 90 zai ga kamar ya ci jarrabawa. Amma a shafi mai kalma 300, ramuka 30 ke nan a gabansa, kusan kowane layi da nasa.

Yanzu mu koma ga kalmomin da suka gudu. Ƙwaƙwalwa tana da wani ɗan faranti da take ɗora abin da ake cikin aiki da shi, kuma ƙarami ne ƙwarai, ba ya ɗaukar abu da yawa, ba ya riƙewa da daɗewa. Gwani yana gane kalmomi kusan kyauta, don haka farantinsa na ginin jimla ne kacokan. Mai harshen aro kuwa kowace kalma sai ya biya mata kuɗin shiga. Kafin ya gama da ta takwas, ta farko ta zame ta faɗi.

Ginin Turanci kuma yana ƙara wa Bahaushe kaya. Mu kan magana muke fara ajiyewa, sannan bayani ya biyo: "bashin albashin malaman makarantun firamare". Tun kalmar farko ka san bashi ake magana. Bature zai ce "primary school teachers' salary arrears", daga wutsiya ya faro, sai ka riƙe kalma huɗu a faranti ba ka san me za ka yi da su ba, ta biyar ce za ta gaya maka. Ko ka ɗauki "Yaron da aka aika kasuwa ya dawo a makare." Wannan "da aka" allon kan hanya ne, yana ce maka dakata, bayani ne wannan, babban aikatau yana gaba. Turanci yana iya tuge allon ya ce "The boy sent to the market returned late". Ɗalibinmu ya ga "sent" ya ɗauka yaron ne ya yi aike, yana jiran ya ji me ya aika, sai ga "returned" ya faɗo masa. Turawan ma irin wannan jimla tana kayar da su, Thomas Bever ya yi bayaninta tun 1970. Bambancin shi ne su sukan miƙe da wuri, mai harshe na biyu kuwa fassarar farko takan manne masa ko da ya koma ya sake karantawa. Sai kuma jimlar da ake sa wanda aka yi wa aiki a gaba, mai aikin a baya da "by". Hausa ba ta da irin wannan gini, "an kama shi" muke cewa mu huta. Shi ya sa masu koyo kan ɗauki sunan farko a matsayin mai aikin, su fito da labarin a juye.

Masana sun yi saɓani a kan asalin wannan rauni. Christine Weber-Fox da Helen Neville sun gano a 1996 cewa waɗanda suka fara Turanci a makare ƙwaƙwalwarsu tana zabura ga kuskuren ma'ana kusan kamar ta 'yan gida, amma ga kuskuren nahawu an fi ganin bambanci. A 2006 Harald Clahsen da Claudia Felser suka ce mai harshe na biyu ginin jimlarsa sama-sama ne, ya fi dogara da ma'anar kalmomi da sanin duniya fiye da zurfin nahawu. Wasu, irin su Holger Hopp, suka ce injin ɗaya ne, kaya ne suka yi masa yawa, kuma waɗanda suka ƙware sosai sukan yi kusa da 'yan gida. Ni na fi karkata ga na biyun, dalilina kuwa shi ne ɗan gida ma karatun sama-sama yake yi in ya samu dama. Akwai wani gwaji na 1981 da aka riƙa tambayar mutane dabbobi nawa-nawa Annabi Musa ya ɗauka a jirgi. Da yawa suka ce bibbiyu, alhali sun san sarai jirgin na Annabi Nuhu ne, amincin Allah ya tabbata a gare su. Na gwada wannan tambayar a majalisarmu bayan la'asar, sai da aka amsa sannan wani dattijo ya ce, "Kai, tsaya, wane Musa?"

Akwai wani abu da na gani da ya sa na daina ɗaukar harshen uwa a matsayin maganin komai. A wani taron unguwa aka miƙa wa wani abokina, mai digiri biyu, Bahaushe gaba da baya, takardar sanarwa da Hausa ya karanta. Mutumin da ke shanye jaridar Turanci kafin shayinsa ya huce, sai ga shi yana ɗingishi, yana cin karo da "ƙ", yana karanta "ya zo" na umarni kamar na labari, yana komawa ya gyara. Ya ɗago yana dariya ya ce, "Ku yi haƙuri, Hausa wuyar karatu gare ta." Hausa ba ta yi masa komai ba. Kunnensa ɗan gida ne, idonsa baƙo. Stanislas Dehaene da Laurent Cohen a Faransa sun nuna wani ɗan yanki a ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa da ke ƙwarewa wajen gane surar rubutattun kalmomi, kuma karatu ne ke horar da shi. Abokina da Turanci ya horar da nasa.

Philip Gough da William Tunmer sun taƙaita lamarin a 1986: fahimtar karatu ita ce iya haɗa baƙi a ninka da jin harshen. Ninkawa, ba tarawa ba, don haka in ɗaya ya zama sifili duka sun tafi. Muna da misalin kowane ɓangare a gida. Ga wanda zai karanta Larabci da wasali tiryan-tiryan, bai ji abin da ake cewa ba sai an fassara masa. Ga manomin da ya fi kowa jin Hausa amma bai san baƙi ba. Yaron da ya fito daga gidan Tangale ko Waja aka zaunar da shi aji ɗaya da littafin Turanci, ɓangarorin biyu yake nema a lokaci guda, kuma a rubutun da ya fi yawancin na Turai rashin tsari. Binciken Philip Seymour da abokansa na 2003 ya nuna 'ya'yan masu Turancin kansu suna ɗaukar fiye da ninki biyu na lokacin da yaran harsuna masu daidaitaccen rubutu ke ɗauka kafin su kama tushen karatu. A Hausa "c" ɗaya ce, ta "ci" da "ciki". A Turanci yau ta zama "k", gobe "s". Haɗa baƙi kuwa sau ɗaya ake koyon dabararsa, in an kama ta a harshen da ake ji sai a ƙaura da ita. A kan wannan tunani Farfesa Babs Fafunwa ya gina gwajinsa na Ife da aka fara a 1970 da Yarbanci, a kansa kuma aka gina shirin Mu Karanta a makarantun firamaren Bauchi da Sakkwato. Gwamnatin tarayya ta amince da koyarwa da harshen gida a duk shekarun firamare a 2022, zamanin Malam Adamu Adamu, sannan a Nuwamban 2025 aka sanar da soke tsarin. Duk ɓangaren da mutum ya tsaya a wannan muhawara, ni abin da ban ji ana tambaya ba shi ne shafi nawa yaron nan yake karantawa a mako, da kowane harshe. Tagar ido ba ta faɗaɗa da sanarwar minista.

Da 'yar ƙanwata, abin da muka koma yi ƙarami ne. Na ajiye tsofaffin takardun jarrabawa, na nemo mata labarai masu sauƙi waɗanda da wuya ta ci karo da kalmar da ba ta sani ba, duk da ta ɓata rai ta ce na 'yan firamare ne. Kuma kowane sakin layi sau uku take karanta shi, dabarar da S. Jay Samuels ya bayyana tun 1979. Asabar ɗin da ta wuce, karo na farko yatsa yana kan layi. Karo na biyu ya koma gefen takarda. A na uku tana tsakiyar shafi sai ta fashe da dariya. Ashe akwai abin dariya a labarin, wani tela ne ya ɗinke aljihun wandon mai bin sa bashi. Sau biyu ta bi ta kansa ba ta gan shi ba.

"Kawu," ta ce, "da ma yana wurin?"